Arowana: a dubi bakinsa kafin a ba shi maƙwabci

Duk mai sayar da kifin ado a cikinmu, muna roƙonsa ya faɗa wa mai saye gaskiya game da arowana. Dangin bargin tafkin Chadi ne, amma hali ya bambanta. Na kogin Amazon mafarauci ne, yana kai kusan mita 1, kuma duk abin da ya shiga bakinsa ya zama abinci. Haɗa wa mutum shi da ƙananan kifaye masu launi don ciniki ya ƙaru, cin amana ne. Kafin mako ya zagayo mai gida zai tarar da kuɗinsa a cikin kifi guda.

Arowana a saman ruwa yake mulki. To, a nema masa mai zama a ƙasa, wanda ya fi ƙarfin haɗiya: babbar gartsa, ko ƙurungu da ya ƙosa. Ƙaramin ƙurungu kam a'a, ƙayarsa na iya maƙale masa a maƙogwaro, a yi biyu babu. Arowana biyu a akwatin gilashi ɗaya, faɗa ne kullum. Na Ostiraliya kuwa, jardini, gara a bar shi shi kaɗai.