SHARHI: Kwaɗon da ke Ƙofar Masana'anta

A watan Satumba na shekarar 2002, gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar kayan roba da ke Odogunyan, kusa da Ikorodu a Jihar Legas, ta kuma halaka gomman ma'aikatan da ke aikin dare. Abin da ya fi tayar wa jama'a hankali shi ne rahotannin da suka biyo baya, cewa an kulle ƙofofin ɗakin aikin daga waje don gudun satar kaya. Da wutar ta kama, bayin Allah suka ruga bakin ƙofa, suka tarar da ita a garƙame.

Wannan al'amari ba a kan Nijeriya aka fara shi ba. A shekarar 1911 ma'aikata 146, akasarinsu 'yan mata, suka mutu a wata masana'antar ɗinkin tufafi a birnin New York na Amurka, inda ƙofar da aka kulle ta hana da yawansu fita. A 1993 mutum 188 suka halaka a masana'antar kayan wasan yara ta Kader, kusa da Bankok a ƙasar Tailan. A 2012 kuma fiye da mutum 250 suka rasa rayukansu a wata masana'antar tufafi a Karachi ta ƙasar Pakistan, inda ƙofofi ke kulle, tagogi kuma an toshe su da ƙarafa. Shekaru ɗari da ɗaya ne tsakanin na farko da na ƙarshe, amma labarin kusan guda ne.

Ya kamata masu masana'antu su fahimci yadda gobara ke kisa, domin a nan ne da yawanmu muke kuskure. Galibin waɗanda ke mutuwa a gobarar cikin gini hayaƙi ne ke gamawa da su tun kafin harshen wuta ya taɓa su. Roba da leda da soson katifa, idan suna ci, sukan fitar da baƙin hayaƙi mai guba wanda ke rufe ido, ya ruɗa tunani, ya kuma sumar da mutum cikin 'yan mintoci. Wutar lantarki kan ɗauke, ɗaki ya yi duhu ƙirin. To, a irin wannan hali ne ake tsammanin mai gadi ya tuna aljihun da ya sa mabuɗi, in ma bai riga ya yi ta kansa ba? Su kuwa 'yan kwana-kwana, ko da motarsu na da ruwa da mai, da wuya su iso kafin waɗannan mintoci su ƙare.

Ko shakka babu, satar kaya matsala ce ta gaske, kuma duk wanda ya zuba jarinsa a Bompai, ko Sharaɗa, ko Kakuri, ko Ikeja, yana da hakkin ya tsare dukiyarsa. Amma akwai hanyoyin tsaro da ba sa buƙatar a mayar da ɗakin aiki kurkuku. An daɗe da ƙera ƙofar da ba ta buɗuwa daga waje, amma da an tura sandarta daga ciki sai ta buɗe, ƙararrawa kuma ta ɗauki ƙara. Ana iya ajiye mai gadi a bakinta, a kuma binciki ma'aikata a babbar ƙofar harabar. Kuɗin wannan duka bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da farashin injin guda ɗaya, balle diyyar rayuka da rufe masana'anta na watanni.

Ta fuskar doka ma babu uzuri. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da hanyar tsira idan gobara ta tashi, ta kuma hana kulle ƙofa ta yadda waɗanda ke ciki ba za su iya buɗe ta nan take ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aiwatarwa. Tarar da aka yanka bisa darajar Naira ta wancan zamani ba ta tsorata kowa, sa'an nan masu binciken Ma'aikatar Ƙwadago da rana suke zuwa, alhali kuwa da dare ake sa kwaɗon.

Akwai kuma kullewar da babu kwaɗo a cikinta. Sau nawa mutum zai shiga masana'anta ya ga an jibge buhunan kaya ko gangunan man janareta a gaban ƙofar tsira, wai don sito ya cika? Ga tukwanen kashe gobara a rataye a bango, amma babu ma'aikacin da aka taɓa nuna wa yadda ake zare musu fil.

A ganinmu, kamfanonin inshora da bankunan da ke ba da rance sun fi kowa ƙarfin gyara wannan, tunda kuɗinsu ne zai ƙone. Su sa sharaɗin cewa wakilinsu zai iya shiga masana'anta da ƙarfe biyu na dare ba tare da sanarwa ba, ya tura kowace ƙofar tsira da hannunsa. Inda ya tarar da kwaɗo ko tarin kaya, a ƙara wa mai wurin kuɗin inshora, ko a dakatar da yarjejeniyar har sai ya gyara.