Idan Kaka Ta Yi: Haƙƙin Maƙeri Kafin Kuɗin Kallo

Duk wanda ya san rayuwar karkara ya san kuɗi baƙo ne, sau ɗaya ko sau biyu yake leƙowa a shekara. A yankunan noma irin su Kura, Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, ana ganin fuskarsa idan an girbe shinkafa da dawa, sannan idan tumatir da alkama suka nuna. A waɗannan makonni ne kasuwa ke ci sosai, a cikinsu ne kuma gidan kallo ke cika maƙil.

Kallo ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. Kakanninmu sun taru a dandali sun kalli majigin da ake yawo da shi a mota tun zamanin Turawa. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya shiga gidaje ta kaset ɗin bidiyo. A yau kuwa rumfar kwano ce da bencina da janareto, ana nuna ƙwallon Turai da fina-finan Indiya da aka fassara, ga mai tura fina-finai a waya a gefen mai caji.

Ba mu cikin masu cewa a rufe waɗannan wurare baki ɗaya. Mai gidan kallo ɗan gari ne mai neman abincinsa, kuma mai shayi da mai tsire suna ci a inuwarsa. Manomin da ya wuni a duƙe cikin rana ya cancanci ya huta.

Abin da ke damunmu shi ne wa ake fara biya. Maƙeri ya ƙera fartanya da garma tun saukar damina a kan alkawarin sai kaka. Mai gyaran injin ban-ruwa ya sa kayan gyara daga aljihunsa. Tela ya ɗinka wa yara kayan Sallah, mai injin niƙa ya yi ta rubuta bashi a littafi. Dukkansu sun yi haƙuri na watanni. Gidan kallo kuwa bai san bashi ba, a bakin ƙofa ake biya. Sai ya zamana wanda ya fi kowa jira shi ne na ƙarshen karɓa. Kuɗin shiga ba su da yawa, amma idan aka haɗa da na shayi da na data dare bayan dare, balle a shiga cacar ƙwallo wadda haramun ce, buhu guda kan ƙare ba a sani ba.

Malamanmu sun karantar da mu cewa mai halin biya da ke yi wa mai binsa yawo da hankali ya yi zalunci. Haka kuma hatsin da ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, akwai haƙƙin zakka a cikinsa: ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga wanda aka shayar da inji. Waɗannan wajibai ne, kallo kuwa iyakarsa halacci idan ya tsira daga alfasha. Ba a gabatar da halal a kan wajibi.

Illar ba ta tsaya a kan mutum ɗaya ba. Maƙerin da aka cinye wa kuɗi bana ba zai ba da bashi baɗi ba. Ɗansa zai bar maƙera ya tafi ci-rani birni, gari kuma ya wayi gari babu mai koɗa masa lauje.

Don haka muna kira ga magidanta su sauke zakka, su sallami masu sana'a, su ware abincin shekara, sannan su yi nishaɗi da abin da ya rage. Masu gidajen kallo su kashe akwati lokacin Magariba da Isha'i, su sallami yara 'yan makaranta da wuri, su ƙi duk fim ɗin da za su ji kunyar kallonsa tare da 'ya'yansu. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta iya tsayuwa a ƙofar kowace rumfa ba. Wannan aikin dagaci ne da liman da iyaye. Ɗalibai kuma su tuna hadda da bita ba sa jiran a tashi daga wasa.

Alkawari kaya ne. Allah Ya ba mu ikon sauke shi, Ya sa albarka a abin da muka noma.