Digirin dokta da tabarau a fuska

Akwai wani tabarau mai haɗe da kwamfuta wanda in mutum ya sa shi, sai ya ga kansa cikin wata duniya da aka ƙera, yana juyawa yana kallon ko'ina. A shekara ta 2014 kamfanin Facebook ya sayi Oculus, mai ƙera irinsa, kan kusan dalar Amurka miliyan dubu 2. Ɗan kasuwa ba ya zuba wannan kuɗi a kan wasan yara.

Yau jami'o'in Turai na muhawara: shin abin da mai zane ya gina cikin tabaran nan bincike ne da ya cancanci digirin dokta? Char Davies, ƴar ƙasar Kanada, ta fito da aikinta Osmose a 1995. Da numfashi ake tafiya a cikinsa: ka ja iska ka yi sama, ka saki ka yi ƙasa, kamar mai nutso a ruwa. A 2005 ta samu dokta daga jami'ar Plymouth ta Ingila, bisa nazarin ayyukan nata.

Mu muna goyon baya. Mai rini ma ya san abubuwa da hannunsa waɗanda babu su a littafi. Amma da sharaɗi: dole ɗalibi ya rubuta abin da ya gano, domin na'urorin nan saurin tsufa gare su. Takarda na shekara 50 ana karanta ta. Tabaran da aka daina ƙerawa kuwa, wa zai kunna shi ga ɗaliban gobe?