Malam, Zaman Lafiyar Wa Aka Saya?

Wani marubuci ya yaba wa ɗan siyasar Amurka Henry Clay, wai yarjejeniyoyin 1820 da 1850 kan batun bauta sun hana Amurka yaƙi har shekara arba'in. Da girmamawa, Malam, ka ƙirga fararen da suka tsira, ka tsallake bayin da aka yi cinikin a kansu.

A 1820 aka amince a karɓi jihar Missouri da bauta, Maine ba bauta, aka ja layi tsakanin yankin bauta da wanda ba bauta, aka ce shi ke nan. Lokacin bayi kusan miliyan ɗaya da rabi ne. Zuwa 1860 sun doshi miliyan huɗu. Wannan ce ribar jinkirin da kake yabo.

Dubi dokar kama gudaddun bayi ta 1850 da kyau. Wanda aka cafke ba shi da damar ba da shaida a shari'ar kansa. Jami'in da ke yanke hukunci kuwa dala goma ake ba shi in ya miƙa mutum ga mai da'awa, dala biyar in ya sake shi. Ina adalci a nan? A 1854 sojoji ne suka raka wani gudadden bawa, Anthony Burns, cikin titunan Boston zuwa jirgin ruwan da ya mayar da shi Virginia, jama'a na ihu. Mutanen jihohin Arewa na Amurka da ba ruwansu a da, ranar suka fusata.

Layin 1820 ɗin ma bai daɗe ba. Dokar Kansas da Nebraska ta share shi a 1854, aka zubar da jini a Kansas, sannan hukuncin Dred Scott na 1857 ya ce majalisa ba ta da hurumin jan layin tun farko.