Ado da Ma'ana: Zaɓen Haruffan Tsutsa a Bugun Hausa

Masu iya magana kan ce kyan ɗan maciji ba ya hana shi sara. Haka al'amarin yake ga haruffan ɗab'i. Sau da yawa mai tsara mujalla ko allon talla yakan ga wani rubutun tsutsa, watau karkatattun haruffan nan masu 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane zane, ya ruɗu da kyansa, ya ɗauke shi ba tare da ya tambaya ko yana ɗauke da haruffan Hausa ba.

Shi rubutun tsutsa a birnin Banis na ƙasar Italiya aka fara buga littafi da shi a 1501, a maɗaba'ar Aldus Manutius. An ƙera shi ne domin Latin, harshen da bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Mu kuwa sai a shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya suka kafu a Zariya, suka maye gurbin ɗigo da waƙafin da ake sa wa baƙaƙe, kana Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939.

Matsalar ita ce idan harafi ya karkata, ƙugiyar kan sa tana iya shigewa cikin lanƙwasar ado. Wani zubin kuma babu harafin sam, sai kwamfuta ta aro shi daga wani jinsi, ya tsaya ƙiƙam tsakanin karkatattu kamar baƙo a taron dangi. Nan fa baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ɗaiɗai ya koma daidai.

A dubi Araba, a ƙasar Illela, dab da iyakar Nijar. Takardar da aka buga a wannan yanki, ta wa'azi ce ko ta sanarwar rigakafi, takan tsallaka har Birnin Ƙwanni. Can kuwa suna rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Ashe mai bugu a nan masu karatu biyu yake yi wa hidima, kuma haruffa huɗu ne a wuyansa, manya da ƙanana.

Ba a rasa mafita ba. Tun shekarun 1980 Hermann Zapf ya zana haruffa domin harsunan Nijeriya, yau kuma akwai irin su Gentium da Charis, waɗanda tsutsarsu ke ɗauke da ƙugiya tun daga tushe, kuma kyauta ake samun su.

Saboda haka ya kamata kowane edita ya gwada harafi kafin ya yabe shi. Ya rubuta "ƙuda ya ɓata ɗaki" da shi, ya ƙanƙanta, ya miƙa wa dattijon da idonsa ya fara rauni. In ya karanta ba gargada, to, a ɗauka. In kuwa ya yi tuntuɓe, a bar wa masu shi adonsu.