Ƙarfen Dajin Birnin Gwari Ba Tsintuwa Ba Ne

Tun daga ƙarshen Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar Kara bayan ta shafe shekaru a rufe, mutane suka fara komawa inda suka daɗe ba su taka ba. Manomi ya koma gonar da ya gudu ya bari, mai itace ya ƙara nutsawa, masu haƙar zinariya suka saɓa diga da shebur suka yi gaba. Alheri ne, Allah ya ɗorar da shi. Amma akwai ɗabi'ar da ta bi sahun jama'a cikin dajin, kuma a kanta nake ɗaga murya tun kafin ta shimfiɗa mana tabarmar makoki: ɗaukar duk ƙarfen da aka gani a daji a matsayin rabo. Kwanson harsashi, guntun roka, ƙonannen babur, wani dunƙulen abu mai tsatsa da ba wanda ya san sunansa, duk a zuba a buhu a kai sikeli, ko a kai gida a ajiye ana ɗaukar hotonsa a waya. Ganganci ne. Babban da ya san haɗarin ya kuma bar yaro yana yi, nasa ya wuce ganganci, ya zama mugunta.

A ƙasashen Turawa akwai masu yin irin wannan tono don sha'awa kawai. Mutum ya sayi na'urar gano ƙarfe, ranar hutu ya tafi tsohon fagen fama yana neman maɓallin rigar soja ko harsashin da ya shekara ɗari a ƙasa. Su ma, da iliminsu da asibitocinsu, abin bai bar su ba. A 2008, a jihar Bajiniya ta Amurka, wani da ya ƙware wajen tara kayan yaƙin basasarsu ya mutu a ƙofar gidansa yana gyaran wani tsohon harsashin igwa, alhali yaƙin ya ƙare tun 1865. A garin Iper na Beljiyam, bam ɗin Yaƙin Duniya na Farko ya kashe ma'aikata biyu a wurin gini a 2014, shekara 96 bayan an ajiye makamai. Har gobe manoman wannan yanki da na arewacin Faransa suna tono bama-bamai da garma, su jingine su a bakin hanya sojoji su zo su kwashe, kuma a Faransa doka ta hana mutum ya shiga neman kayan tarihi da na'ura ba tare da izini ba. Ƙarfen da ya shekara ɗari ke nan. Namu kuwa ɗanye ne, na jiya.

Kowa a Birnin Gwari ya san abin da dajin nan ya sha. Daga Kamuku zuwa Kuyambana, daga Randagi da Kakangi ta yamma zuwa Damari da Kuyello ta gabas, an kwashe fiye da shekara goma ana ɓarin wuta. Bayan kisan Gwaska a watan Mayun 2018, inda aka rasa fiye da mutum 40, gwamnatin tarayya ta girke bataliyar soja a yankin. Jiragen yaƙi sun yi ta luguden wuta a kan sansanonin 'yan bindiga. 'Yan bindiga sun yi faɗa da sojoji, sun yi da 'yan sa-kai, sun yi da Ansaru, sun yi da junansu. Duk soja zai gaya maka ba kowane bam da aka jefa ke tashi ba, ba kuma kowane gurneti ko kan roka ba. Wanda bai tashi ba yana nan kwance a ƙarƙashin ganye, ruwan damina yana binne shi, tsatsa tana cin abin da ke hana shi tashi. Tsufa ba ya kashe shi. Sau da yawa ma ƙara masa saurin fushi yake yi, har ya kai bugu ɗaya na diga, ko zafin wutar ƙona daji, ya ishe shi.

A nan ne na'urar gano ƙarfe ta shigo. Haƙar zinariya a ƙasar Birnin Gwari ta girmi kakanninmu da yawa, Turawan mulkin mallaka ma sun haƙa a shekarun 1930. Abin da yake sabo shi ne sandar nan mai faifai a ƙasa, wadda ta bazu a Sahel bayan tururuwar zinariyar Jado a arewacin Nijar a 2014. Faifan yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, duk ƙarfen da ke ciki ya mayar da amsa, sai ta yi kuka a kunnen mai riƙe da ita. Irin waɗanda aka ƙera don zinariya an yi su ne su ji abu mai zurfi, kuma ba su da tabbas wajen bambance ƙarfe da ƙarfe. Kukan da za ta yi wa zinariya shi za ta yi wa kan roka. To wa ke saukar da diga bayan ta yi kuka? Mai na'ura ya yi nuni da ƙafa ya ja baya, yaron da aka ɗauka aikin yini shi ke sara. Kai mai na'ura, ka zuba miliyoyi ka sayi kayan aiki, ka koyi yadda ake saita ta, amma ba ka taɓa zama ka nuna wa yaranka kamannin abin da idan suka gani za su ajiye diga su bar wurin ba. In abin da ya fito ba zinariya ba ne, sai ka ce su jefa a buhu, ko banza a samu na sigari a wurin 'yan jari bola. Ran ɗan mutane kake caca da shi.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce. A watan Janairun 2024, a Kidandan ta ƙaramar hukumar Giwa, maƙwabciyarmu ta gabas, wani almajiri ya tsinto wani abu a daji ya kawo cikin 'yan'uwansa. Abin ya tashi, yaro ɗaya ya rasu, wajen goma suka jikkata. A cikin watan nan dai, a Gubio ta jihar Borno, almajirai shida suka mutu lokacin da bam ya tashi a cikin ƙarafan da suka tara don sayarwa. A watan Yunin 2025 mutum biyar suka mutu a Kano wurin sauke lodin tsofaffin ƙarafa, 'yan sanda suka ce bam ne irin na soja ya biyo cikin kayan daga Yobe. Tun a 2023 Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar tsintar ƙarafa a Borno, bayan an yi ta rasa matasa a dazukan da suke shiga nemansu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mutanen Borno sun riga mu shiga wannan masifa, sun biya kuɗin karatunta da 'ya'yansu, mu kuma muna da damar koya kyauta muna ƙi.

Mafi nauyin laifin yana kan mai sikeli. Alhaji, kai da ke zaune a rumfa cikin gari, kai ne kasuwar. Da ba ka saye, da ba wanda zai ɗauko. Ka fi kowa sanin cewa kwanson harsashi tagulla ce, ta fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba, shi ya sa idonka ke haske in yaro ya zazzage buhu ka ga rawaya. Ka san tukunyar da ta fashe, ka san ƙafar keke, ka san kuma abin da bai yi kama da kayan gida ba. Amma ba ka tambayar daga ina. Ka auna, ka biya shi abin da bai kai kuɗin kwanon masara ba, ka jibge a bayan rumfa kusa da mai shayi da masu wucewa makaranta, ka sa wani yaron ya bi da guduma yana daddatsewa don lodi ya zauna a mota. Ranar da abin ya tashi za ka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba a ba kowa izinin ya haƙa rami a hanya sannan ya jingina wa ƙaddara wanda ya faɗa ba.

Na san amsar da ake bayarwa: talauci ne, Malam. Ba na musu. Mutanen da aka raba da gonakinsu shekara da shekaru, aka sa suka sayar da shanu da filaye don biyan kuɗin fansa, ba za a yi musu wa'azin ƙoshi ba. Sai dai a duba wa ke cin ribar. Yaron ya samu na abincin rana, dila ya samu na mota, kamfanin narka ƙarfe ya samu na rodi. In hannu ya guntule, a gidan talakan ne za a yi jinya, a kuma ɗora shi a mota zuwa Kaduna a kan hanyar Buruku da kuɗin aro. Iyaye kuma, musamman malaman tsangaya da ke sakin yara su yi yawon gwangwani, ku ji tsoron Allah. Amana aka ba ku.

Ko a shari'a ma, abin da aka tsinta ba ya zama na mutum don kawai hannunsa ya riga kai. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa tsintuwa mai daraja sai an yi cigiyarta shekara guda. Makami kuwa dokar ƙasa ta hana mallakarsa ba lasisi, harsashi mai rai ɗaya a aljihu ya isa ya kai mutum kurkuku. A yankin da jami'an tsaro ke kallon kowane matashi da ido biyu, saurayin da ya ajiye harsasai a ɗaki don burgewa, ko ya ɗora hotonsu a TikTok, ya rubuta wa kansa takardar tuhuma da hannunsa, kuma ba shi kaɗai za a kwasa ba.

Akwai kuma hasarar da ba ta fashewa, wadda ta fi ci mini rai. Ƙarafan nan shaida ne. A gindin kowane kwanso akwai hatimin masana'antar da ta ƙera shi, galibi har da shekara. Da irin waɗannan alamomi ne ƙungiyar Conflict Armament Research ta bi sawun makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara, ta fitar da rahoto a 2020 da ya nuna wasu sun fito daga rumbunan Libiya, wasu daga Kwaddibuwa, wasu daga Turkiyya, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya kansu. Shekara nawa muna tambayar wa ke kawo musu makamai? Wani yanki na amsar yana warwatse a dajinmu, mu kuma muna kwasa muna kai wa a narke. A tsofaffin sansanonin akwai sarƙoƙin da aka ɗaure mutane da su, akwai kaburburan waɗanda suka mutu a hannun masu garkuwa ba a dawo da gawarsu ba. Akwai matan da har yau ba su san ko su yi takaba ko su ci gaba da jira ba. Wanda ya shiga irin wannan wuri ya kwashe komai ya tone ko'ina, ya shafe musu hanya ta ƙarshe da za su san inda nasu ya kwanta.

Na'urar kanta ba ta da laifi. A fagen yaƙin Little Bighorn na 1876 a Amurka, bayan gobara ta cinye ciyawar wurin a 1983, masana sun shiga da irin wannan na'ura, suka sa alama a kan kowane kwanso a inda yake kafin su ɗaga, har suka iya bin motsin bindiga ɗaya daga tudu zuwa tudu, suka gyara labarin da aka daɗe ana bayarwa. Darajar abin tana ga inda aka same shi. Da zarar ya shiga buhu, ya koma kilo.

Haka zancen yake ga abin da ya girmi wannan fitina. Ƙasar nan ta ga yaƙi tun kafin bindigar zamani. Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sarakunan Kwantagora, sun yi ta kai hare-hare ƙasashen Gwari har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Kufan tsofaffin garuruwa da ragowar ganuwa suna nan cikin daji, kuma a irinsu ne ake samun tsinin mashi, da likkafa, da mari. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tono ko sayar da irin waɗannan kaya ba izini. Mun ga yadda aka yi wa gumakan Nok a kudancin jihar Kaduna wasoso a shekarun 1990, suka ƙare a shagunan Turai, masu ƙasar suka tashi da ramuka. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kayan tarihi a Zariya, tafiyar yini ba ta kai ba.

Gwamnati ma ba ta fita ba. An yi bikin sulhu, an buɗe kasuwa da hanya, an ce manoma su koma gona. Wanda ya ce wa mutane su koma, shi ke da alhakin share musu inda za su taka. 'Yan sanda suna da sashen kwance bam, sojoji suna da injiniyoyi, kuma sojojin sama sun san wuraren da suka yi wa ruwan wuta. Yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a 1970, amma sai a 2017 gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta biya diyya ta kuma kwashe ragowar bama-baman da ke yankunan da aka yi shi. Birnin Gwari ba za ta iya jiran shekara 47 ba. Muna roƙon Mai Martaba Sarki, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya tara hakimai da dagatai da shugabannin 'yan jari bola da na mahaƙa, a kafa sharaɗi cewa duk sikelin da aka kama da kayan yaƙi an rufe rumfar. Limamai su faɗa a huɗuba, a kai hotunan abubuwan nan makarantun boko da na allo. Wanda ya ga baƙon ƙarfe a gona kada ya taɓa, kada ya jefe shi, kada ya kunna wuta kusa. Ya koma ta sawun da ya zo, ya kafa reshe daga nesa don alama, ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kira jami'an tsaro, su kuma su zo a ranar, ba tare da sun mayar da wanda ya kawo rahoto abin tuhuma ba.