Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Makarantar Waɗanda Suka Ajiye Aiki

Ranar da ma'aikacin gwamnati ya karɓi takardar ritaya, akan shirya ƴar walima a biro, a yi jawabai, a yaba halinsa, a miƙa masa darduma ko agogon bango, sannan a rako shi bakin ƙofa. Watan farko yakan tafi wajen zirga-zirgar takardun fansho. Daga nan sai shiru. Mutumin da ya yi shekara talatin ana jiran sa hannunsa ya koma benci a ƙofar gida, da rediyo a gefe, yana ƙirga masu wucewa. Shi kuwa ɗan kasuwa ba wanda ke ba shi takarda, amma zamani kan yi masa ritaya ba sallama. Alhajin da a da yake riƙe da lissafin buhu dubu a ka, yau odar kaya daga Kano, Dubai ko ƙasar Sin ta koma cikin wayar salula, kuɗi ma ta nan suke tafiya, sai ya miƙa wa yaro wayar ya tambaye shi abin da aka rubuto. Daga ranar da sirrin ciniki ya koma hannun mai karanta saƙo, mai dukiya ya zama baƙo a shagonsa.

Waɗannan mutane biyu ba su gaza ba, kuma da yawansu suna da sauran shekara goma sha biyar ko ashirin na lafiya a gaba. Tambayar ita ce: me al'umma ta tanadar musu na waɗannan shekaru? Wasu ƙasashe sun yi wa kansu wannan tambaya tun fiye da rabin ƙarni, kuma amsoshin da suka samo sun cancanci a dube su da idon basira.

A shekarar 1973, a birnin Tuluz na kudancin Faransa, wani malamin shari'ar ƙasa da ƙasa mai suna Pierre Vellas ya shawo kan jami'arsa ta buɗe ƙofa ga tsofaffi. Aka raɗa wa shirin suna Université du Troisième Âge, wato jami'ar zango na uku na rayuwa. Ƙasa ta riga ta jiƙa kafin a yi shukar, domin dokar jami'o'i ta 1968 ta ɗora musu nauyin ilimantar da manya, dokar 1971 kuma ta kafa tsarin ƙarin horo ga ma'aikata. Dabarar Vellas mai sauƙi ce: jami'a tana da ɗakuna, da malamai, da ɗakin karatu, da filin wasa, ga kuma lokutan da ɗalibai ba sa nan, a waje kuwa ga dubban masu ritaya da kaɗaici ke ci. Ba a nemi takardar shaidar kowa ba, ba a yi wa kowa jarrabawa ba. Aka haɗa laccoci kan tarihi, adabi da tattalin arziki da motsa jiki da bayanin kiwon lafiya, domin tun farko manufar ita ce a jinkirta raunin tsufa, na jiki da na tunani baki ɗaya. Cikin ƴan shekaru abin ya bazu zuwa Beljiyam, Siwis, Italiya da Ispaniya. Birnin Warso na Polan ya buɗe tasa a 1975, jami'ar Sherbrooke ta Kanada ta bi sahu a 1976. A 1975 aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta irin waɗannan makarantu. Daga baya da yawa a Faransa suka sauya suna zuwa jami'ar lokacin hutu ko jami'ar kowane shekaru, saboda matan gida da marasa aiki su ma sun nemi shiga.

Da labarin ya tsallaka teku zuwa Ingila, sai ya sauya kama. Masanin tarihi Peter Laslett na jami'ar Kambirij, tare da Michael Young da Eric Midwinter, suka dubi tsarin Faransa suka ga aibi guda: ya mai da dattijo ɗan makaranta mai zama yana sauraren malamin da jami'a ta aiko. Suka ce ai cikin masu ritayar nan akwai tsohon likita, da tsohon injiniya, da kafinta, da malamin harsuna. Me zai hana su koyar da junansu? A kan wannan aka kafa U3A a 1982. Ƙa'idarta ita ce mai koyarwa shi ma ɗalibi ne, ɗalibi kuma wata rana shi ne malami. Ba albashi, ba digiri, ba a jiran kasafin gwamnati. Mambobi kan biya ɗan kuɗin shekara, su taru a falon wani ko a zauren unguwa. Ƙungiyoyin sun haura 1,000 a Birtaniya, mambobinsu kuma sun kai wajen 400,000. Ostireliya ta ɗauki wannan salo tun 1984.

Laslett ya bayyana tunaninsa a wani littafi da ya fitar a 1989, inda ya kasa rayuwa zango huɗu: ƙuruciya da neman ilimi, sai shekarun aiki da ɗawainiyar iyali, sai zango na uku da mutum ya sauke nauyi amma ƙarfinsa yana nan, sai na huɗu na rauni da dogaro ga wasu. Kuskuren al'ummomi da yawa, a ganinsa, shi ne sukan tura mutum daga zango na biyu kai tsaye zuwa na huɗu, su yi masa kallon wanda ya ƙare alhali yana tsakiyar amfaninsa.

Ƙasar Sin ta bi hanya ta uku, ta hukuma. An buɗe jami'ar tsofaffi ta farko a lardin Shandong a 1983, da farko domin jami'an gwamnati da suka ajiye aiki, sannan aka faɗaɗa har makarantun suka kai dubun-dubata. Darasin rubutun hannu na gargajiya, da zane, da kiɗa su ne suka fi farin jini. Da sayen abinci, biyan kuɗin mota da ganin likita suka koma cikin waya, sai darasin sarrafa wayar zamani ya shiga sahun gaba. A ƙarshen 2020 majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da tsari na musamman don kada fasaha ta bar tsofaffi a baya.

Mai karatu na iya cewa wannan abin ƙawa ne na ƙasashen da suka ƙoshi. Sai dai ilimin likitanci ya nuna batun ya wuce ɗebe kewa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2020 cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na masu kamuwa da gigin tsufa, ana iya danganta ciwonsu da abubuwa 12 da za a iya magancewa. A rahoton 2024 abubuwan suka zama 14, kason ya kai wajen 45. Cikinsu akwai ƙarancin ilimi, da kaɗaici, da rashin motsa jiki, da hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ji. Aji guda na mako-mako ba magani ba ne, amma yana fitar da mutum daga gida, ya sa shi tattaki, ya haɗa shi da tsararrakinsa, ya tilasta wa ƙwaƙwalwa aiki. In kuma darasin ranar na lafiya ne, a nan dattijo zai ji cewa hawan jini kan yi ɓarna shekaru ba tare da ciwon kai ba, kuma ba a barin ƙwayar maganinsa don an ji sauƙi. Mutum nawa ne shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a garuruwan nan saboda rashin wannan bayani guda?

Akwai hujja mafi nauyi da za a kawo. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi yawan yara a duniya, kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kuma har yanzu akwai azuzuwan zana da yaran da ba su taɓa shiga lakkol ba. Ina hujjar kashe ko dala a kan karatun mai furfura? Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta sa tsarin Tuluz, mai buƙatar kasafi da malaman jami'a, ba shi ne farkon abin koyi ba. Tsarin Kambirij kuwa bai ɗauki alli ɗaya daga hannun yaro ba. Abin da yake bukata shi ne inuwa, da tabarma ko benci, da mutane goma da suka amince su riƙa haɗuwa. Ban da haka, tsawon rai a Nijar, wanda bai kai shekara 40 ba a lokacin samun ƴancin kai a 1960, ya haura 60. Raguwar mutuwar ƙananan yara ce ta fi jawo hakan, amma sakamakon ɗaya ne: yawan masu kai wa tsufa zai yi ta ƙaruwa.

Abin lura shi ne wannan salo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A zaurukan malamai na Damagaram, Maraɗi da Tawa, bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha, mai shekara saba'in kan zauna kusa da mai shekara ashirin, kowa da littafinsa: wannan Ahalari, wancan Risala, wani Muhtasar. Ba rajista, ba jarrabawa, ba ranar gamawa, kuma wanda ya yi nisa yakan biya wa na baya. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda jajis, mata masu manyan shekaru, ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka. Bayan ƴancin kai, ƙungiyoyin masu sauraren rediyo da azuzuwan yaƙi da jahilci na shekarun 1960 sun tara manya a dandali suna muhawara da harsunan gida. Wato abin da Turawa suka gano a 1982, zaure ya daɗe da saninsa. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa tabarmar ta ɗauki wasu fannoni, ba tare da an taɓa martabar karatun addini ba.

A nan ne ma'aikaci da ɗan kasuwa suke bukatar juna, duk da tsohon kallon hadarin kaji da ke tsakaninsu, wannan na cewa wancan bai yi boko ba, wancan na cewa wannan bai san yadda ake neman kuɗi ba. Tsohon majo na gidan likita zai iya auna jinin ƴan ajin kowane mako, ya fassara musu takardar magani. Tsohon ma'aikacin lanho ko na duwan zai warware wa ƴan kasuwa yadda ake lissafin fatanti da kuɗin fito, ilimin da ke hana a cuci mutum. Tsohon mushe zai koyar da karatun boko ga wanda ya iya ajami kawai. Shi kuma alhajin da ya ga zamanin cinikin gyaɗa, ya tsallake farin 1973 da yunwar 1984, ya kwana da kaya a hanya ranar da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, yana da darasin tattalin arziki da ba ya cikin littafin lise. Maƙeri, da majemi, da mai ɗinkin hula, da magina masu zanen bangon unguwar Birni suna riƙe da fasahar da ke bin su kabari ɗaya bayan ɗaya. Falsafa ma tana da gurbi. Ma'aikata da yawa sun rabu da ita tun ranar jarrabawar bak, lokacin da tambayoyin adalci, mulki da mutuwa suke abin haddacewa don samun maki. Mai shekara sittin da biyar da ya binne iyaye da abokai, ya ga juyin mulki iri-iri da taron ƙasa na 1991, shi ne ya isa ya zauna da mai karatun Gazali su tattauna su da gaske. Darasin waya kaɗai ne za a gayyato jikoki su koyar: yadda ake ɓoye lambar sirri, da tabbatar da kuɗi sun shiga, da gane saƙon ƴan damfara.

Wurin zama ba zai gagara ba. Azuzuwan makarantu a rufe suke da yamma da lokacin hutun damina, gidajen matasa da al'adu suna nan a manyan garuruwa, kuma tun 2010 Maraɗi, Damagaram da Tawa kowace tana da jami'arta, ban da ta Abdu Mumuni a Yamai. Abin da za a roƙa wurin magajin gari ko shugaban jami'a bai wuce mabuɗin ɗaki ɗaya ba, da malami mai sa kai sau ɗaya a wata. Kuɗin shayi da alli kuwa, tsarin adashe ya ishe su.

Cikas na gaskiya yana cikin zukata. Na farko girman kai: tsohon darakta zai so a riƙa kiransa da muƙaminsa, attajiri zai ji nauyin a ga bai iya rubuta sunansa ba. Dole a tuɓe muƙami tare da takalmi a bakin ƙofa. Na biyu harshe: in aka ce sai da Faransanci, an kori kashi mafi yawa tun kafin a fara; Hausa ta isa ta ɗauki bayanin ciwon sukari da na kasafin kuɗi. Na uku mata: tsofaffin malaman makaranta, unguwarzoma da ƴan kasuwa mata suna da yawa, kuma sun fi maza daɗewa a duniya, saboda haka a ware musu lokaci da wurin da ya dace da su. Na huɗu siyasa: ranar da wata jam'iyya ta kawo kujeru masu tambarinta, ranar ajin ya fara watsewa.

Ƙungiyoyin masu ritaya da na ƴan kasuwa suna da rajista, da shugabanni, da ranakun taro. A taro na gaba, bayan an gama batun fansho da na haraji, ya kamata wani ya miƙe ya zagaya da takarda mai tambaya biyu: me kake so ka koya, me kuma za ka iya koyarwa? Mutum goma da suka amsa sun isa a buɗe aji ranar Asabar mai zuwa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.